Idon Ruwa a Ƙarƙashin Tafkin Kulob

Shekarun baya, zamanin da Yola take sauraron umarni daga Maiduguri, ina koyar da lissafi da ɗan abin da ya samu na kimiyya a wata makaranta a Jimeta. Gidanmu yana cikin Yola, saboda haka safe da yamma ni da kekena muke rabon hanya da shanu. Ina da wani aboki ɗan kwangila wanda muka yi elementare tare. Shi ya bar karatu da wuri ya shiga tara abin duniya, ni kuwa na zarce na shiga tara garin alli a hannun riga.

Gidan su abokina gidan mahaƙa rijiya ne. Kakansu ya zo daga ƙasar Kano da dagi da igiya, kuma in ka bi salsalar tsofaffin rijiyoyin Jimeta, da yawansu hannun gidan ne. Abokina shi ne na farko da ya fito daga rami ya koma gini a bisa ƙasa. Rajistarsa ta ƙananan 'yan kwangila ce: ajujuwa, katanga, ɗakin ajiya. Abin yana cinsa. Yakan ce ya gaji da a kira shi in za a yi shinge, a kira wani in za a yi gidan.

Ana nan sai sabuwar doka ta zo daga hedikwatar jiha. Duk ginin da zai riƙe ruwa, tanki ne ko madatsa ko tafkin ninƙaya, ba mai taɓa shi sai mai lasisi na musamman. Lasisin kuma ba a ba da shi sai ka gina irin wannan abu guda ɗaya, injiniyan gwamnati ya gwada ya ce ya yi. Ni na karanta masa dokar, don da Turanci take, na ce masa ma'anarta dai sai ka iya iyo kafin a bar ka ka taɓa ruwa. Amma an bar ƙofa ɗaya: ana yarje wa mutum aikin gwaji sau guda. In ya ci, ya shiga sahun manya. In ya faɗi, ya koma katangarsa.

Aikin gwajin ya samu a wani kulob na manyan ma'aikata, can gangaren Binuwai, wanda Turawa suka tafi suka bari da kujerun kwance da tarin tsofaffin mujallu. Sababbin masu wurin suka yanke shawara cewa kulob ba ya cika kulob sai da tafkin ninƙaya. A iya sanina mutum ɗaya ne a cikinsu ya iya iyo, shi ma a bakinsa muka ji.

Abokina ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya zuba rodi da kankare kamar mai gina wa kansa kabari yana tsoron kura. Da aka gama, ga abu fari fes, gefe ɗaya iya ƙugu, ɗaya gefen ya shanye mutum da hannunsa a miƙe. Lokacin damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, jiragen ruwa na kamfani sun hau har Jimeta suna lodi.

Injiniyan da aka turo mutumin Barno ne, dogo, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Ya sa aka cika tafkin, ya ja layi da jan fenti daidai fuskar ruwan. Ya sa aka ajiye durom cike da ruwa a gefe, shi ma ya ja masa layi, domin abin da rana ta sha ko sama ta ƙara a gan shi a durom, kada a ɗora wa tafki. Sharaɗin shi ne a bar wurin mako guda ba mai ƙari ba mai ragi. In ruwan tafki ya sauka fiye da na durom, akwai yoyo ke nan. Ya sa kwaɗo ya kulle ƙofar shingen, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini makulli.

Ya ce, "Malam, kai ka saba tsaron jarrabawa. Ga wata."

Na karɓa da alfahari irin na wanda ba a taɓa ba shi ajiyar abin da ya wuce rajistar aji ba.

In an tashi daga makaranta, da rana tsaka, nakan biya in leƙa. A lokacin kulob ba kowa, ma'aikata suna gida suna ƙailula. Zuwana na farko na duba durom, ruwansa ya ɗan sauka ƙasa da layi, kamar yadda littafi ya ce. Na duba tafki, ban ga layi ba. Na zagaya na sake dubawa, na durƙusa na tura hannu. Jan layin yana nan, amma a ƙarƙashin ruwa.

Na tsaya ina kallon wurin. Ba iska ko kaɗan. Ruwan a kwance yake kamar an goge shi da dutsen guga, ana ganin daɓen ƙasa tar. Sai a kusurwa ɗaya ta gefen mai zurfi na lura da wani ganyen darbejiya yana zagaye a hankali, yana komawa inda ya faro, yana sake zagayawa. Sauran ganyayen da suka faɗa duk suna tsaye cik. Na je kusurwar na sa hannu. Ko'ina ruwan da ɗumi, rana ta dafa shi, amma nan sanyinsa har cikin ƙashi, irin sanyin randar da ke lungun ɗakin tsohuwa.

Kashegari layin ya ƙara nutsewa. Rana ta gaba kuma na tarar da baƙo. Wata 'yar tarwaɗa ce, ba ta fi yatsa ba, fara sol kamar ba ta taɓa ganin rana ba, tana kwance a ƙasan kusurwar nan, kanta a sama. Na gaya wa kaina shirwa ce ta yar da ita. Na yi ta gaya wa kaina haka har na kai bakin ƙofa, kuma na lura ban juya wa ruwan baya ba sai da na kulle kwaɗo.

Na sami abokina a rumfarsa ta bayan kasuwa yana faɗa da masu sauke katako.

Na ce, "Kai ɗan mahaƙa, da wane makulli kake shiga?"

Ya ce, "Ticha, rana ta taɓa ka. Zauna a kawo maka ruwa."

"Ruwan ne ya kawo ni. Wanda ka bari a kulob ƙaruwa yake yi. In satar amsa za ka yi, ai sai ka tsaya a daidai, ba ka fi malamin da ya ba da tambaya ba."

Ban ga ya yi dariya ba. Ya sallami masu katako, ya ja ni ciki, ya rage murya. Ya ce tun suna haƙa, da suka kai ƙarshen gefen mai zurfi, sai diga ta faɗa a laushi, ruwa ya ɓullo.

"Ba tsattsafo ba, Ticha. Idon ruwa ne. Na san ido in na gan shi, a ciki aka haife mu."

"To sai ka yi yaya?"

"Na zuba kankare na kewaye shi. Na bar masa bututu kamar kaurin hannu, na ɗora ƙarfe mai huji a kai. Kowa ya ɗauka magudana ce."

Na ce, "Wato ka gina kwano, ka huda gindinsa da kanka, ka kira gwamnati ta zo ta gwada ko yana yoyo."

Ya ce, "A gidanmu ba a rufe ido."

Na tambaye shi dalili, ya ce in zo mu je in ji daga bakin baffansa, ƙanin mahaifinsa, wanda shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin da suka shiga rami. Muka same shi a zaure yana tufkar igiya, ya ɗaura bakinta a babban yatsan ƙafa. Bayan gaisuwa na gyara zama irin na mai shirin kama ɗalibi.

"Baffa, an ce a gidan nan ba a rufe idon ruwa."

"Ba a rufewa."

"Ko rijiyar ta mutu?"

"Ko ta mutu. A sa mata itace a baki saboda yara da awaki. Ido dai a bar shi."

"In aka rufe me zai faru?"

Ya ɗaga kai ya dube ni, hannunsa bai daina tufka ba. Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Ban taɓa ganin wanda ya rufe ba."

Da ya ce mini aljanu ne, ko wata mai dogon gashi da ke zaune a ƙasan Binuwai, da na sami abin yi wa murmushi a kan keke har Yola. Amma tsohon bai ba ni komai ba. Ya koma kan igiyarsa, ni kuma na koma gida da wani abu a ƙirji wanda ba shi da suna a manhaja.

Da mako ya cika injiniya ya dawo. Ya dubi durom, ya dubi tafki, ya naɗe hannun riga ya laluba layinsa. Abokina bai jira a tono shi ba, ya faɗi gaskiya tun daga diga har bututu.

Injiniya ya ce, "Na ga tafkin da ke yoyo waje. Mai yoyo ciki, wannan ne na farko." Ya share hannunsa da hankici. "Amma ƙofa ƙofa ce. Yau kogi ya cika, yana ba ka. Ranar da ya janye, ta nan zai karɓi abinsa har da riba. Ba zan sa hannu a kan ramin da ke da baki biyu ba."

Mutumin kirki ne, bai kayar da shi nan take ba. Ya ce zai wuce rangadi, a kwashe ruwan, a toshe bututun, a bar simintin ya bushe sarai, sannan a sake cikawa. In ya dawo ya tarar layi bai motsa ba, lasisi ya samu.

Abokina ya kwana biyu yana jujjuya maganar. Ni kuwa na tsaya a gefen hankali, kamar yadda ya kamaci mai satifiket. Na ce masa bututu ne fa, ba ɗan'uwansa ba. Na tuna masa ya riga ya gaya wa duk Jimeta cewa ya kusa zama babban ɗan kwangila, har masu sayar da siminti sun fara tashi tsaye in ya shigo. Daga ƙarshe ya ari injin jan ruwa aka kwashe tafkin. Bai bar lebura ko ɗaya ya sauka ba. Shi kaɗai ya shiga da kwanon siminti da tsumma da guntun katako. Da ya gama ya fito. Ya ce mini lokacin da yake danna tsumman, ruwan yana turo tafin hannunsa a hankali, kamar hancin ɗan maraƙi.

'Yar tarwaɗar nan kuwa ba a gan ta ba, ko a ƙasan tafki ko a bakin injin.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka biya mu ga ko simintin ya kama. Da manyan rigunanmu muka je. Muka tuɓe takalma a baki, muka bi tsani muka sauka gefen mai zurfi. Ban taɓa tsayawa cikin tafki babu ruwa ba. Bango fari ta ko'ina ya fi ka tsawo, sama ta zama 'yar murabba'i, duk ƙarar gari ta yanke. Bangon da zafi, amma daɓen da muke takawa sanyi ƙalau, har tafin ƙafa yana tsukewa.

Toshiyar ta kama ram. Abokina ya ƙwanƙwasa ta da dunduniya, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To, Ticha, an gama." Ya sa hannu a aljihu ya ɗauko goro zai ɓara mana, sai goron ya suɓuce ya faɗi.

An yi wa daɓen ɗan gangare ne da gangan domin komai ya gangara kusurwar nan. Ni na duba masa lissafin gangaren da kaina. Goron ya faɗi, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya mirgina ya bar kusurwar, ya nufi ɗaya bangon. Muka bi shi da ido har ya je ya jingina.

Sai muka ji wani sauti daga ƙarƙashin ƙafafunmu, doguwar ƙara mai nauyi, irin ta kwale-kwale in yana gogar gaɓa. Ta bayan bango kuma muka ji yashi yana zuba, sururu, kamar ana juye buhu a hankali. Daɓen ya motsa. Ba girgiza ba ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a jirgin fito lokacin da aka kwance igiya ya san irin motsin.

Ban san na iya hawan tsani da babbar riga haka ba. Da na kai sama na ga abin da ya faru. Leɓen tafkin, wanda dā yake daidai da ƙasa, ya ɗago a gefen mai zurfi kamar taƙi guda. Ƙasa ta tsage ta bi gefensa, baƙin tsagi mai laima, iska mai sanyi da warin kogi tana fitowa daga ciki. Ginin nan gaba ɗaya, da rodinsa da kankarensa, yana tasowa daga ƙasa da rana tsaka.

Tsoro yakan mai da ni malami. Nan take na fara bayani, da sauri. Na ce ai wannan sananne ne, wani Bagirke ya gano shi tun zamanin dā a bahon wanka. Kogi ya cika, ƙasar nan duk ruwa ce a ƙasa, mun kwashe nauyin da ke danne tafkin, mun kuma toshe inda ruwan ke numfasawa, to dole ya ɗaga shi kamar yadda yake ɗaga ƙwarya. Na ce maganin a fili yake: a kawo injin yanzu, a jawo ruwa daga kogi a cika shi, nauyi zai zaunar da shi. A gyara leɓen da siminti. Toshiya tana nan, layi ba zai motsa ba, lasisi yana hannu.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Lissafinka daidai ne, Ticha."

Ya wuce rumfar kayan aiki, ya fito da guduma da kurfi, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini.

Na ce, "In ka fasa wannan, ka fasa lasisin."

"Na sani."

"Ba za a sake ba ka wani gwajin a nan ba."

"Riƙe mini rigar, kada ta taɓa ƙasa."

Ya sauka. Ni na tsaya a sama, bisa hujjar cewa ya kamata a bar mutum guda da zai ba da labari. Ƙarar gudumar tana bugun bango tana dawowa, ƙarar ƙasan kuma tana amsawa. Ya yi ta sara har simintin ya farfashe, ya zaro katakon, ya sa yatsu ya jawo tsumman. Na ja da baya na kare fuska, domin bisa lissafina ruwan da ya iya ɗaga wannan gini, in ya sami ƙofa kamar kaurin hannu, sai ya yi tsiri ya wuce kaina.

Ba abin da ya fito.

Na matso na leƙa. Ga bakin bututun a buɗe, baƙi ƙirin, babu ko ɗigo. Ƙarar ƙasan ta tsaya. Zubar yashin ta tsaya. Ko kukan tsuntsu babu. Abokina yana durƙushe yana kallon ramin, ni ina kallon ƙeyarsa, kuma ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Sai na ga ya cire hularsa ya ajiye a gefe. Ya sunkuya har bakinsa ya kusa taɓa bututun, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ban ji kalmomin ba, amma na san salon. Haka ake yi wa babba magana in an yi masa laifi an zo ban haƙuri: ba a gaggawa, ba a ɗaga kai, ana yi ana dakatawa.

Da ya yi shiru, ruwan ya fito. Bai yi tsiri ba, bai yi ƙara ba. Ya cika bakin bututun, ya malalo a hankali ya kewaye gwiwoyinsa. Abokina bai tashi ba sai da ya jiƙe masa wando. Sannan ya ɗauki hularsa da kayan aikinsa ya hau. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiya muna kallo har la'asar, ruwa yana hawa, tafkin yana komawa mazauninsa da ɗan nishi. Bai koma daidai ba. Ya zauna a ɗan karkace, kamar hular ɗan gaye.

Da injiniya ya dawo muka ba shi labari, ban da maganar da aka yi a durƙushe. Ya zagaya tsagin, ya daɗe yana kallon kogi. Ya ce, "A ƙasarmu ruwa sai an bi shi da doguwar igiya. Ban saba da ƙasar da shi yake bin mutum ba." Ya rubuta cewa aikin bai ci gwaji ba, don ba shi da abin da zai rubuta in ba haka ba. Ya ce in abokina yana so, zai yi masa magana a ba shi wani gwajin a kan tudu, da rani. Abokina ya yi godiya sosai, bai kuwa nema ba. Ya ci gaba da ajujuwansa da katangunsa har ƙarfinsa ya ƙare, masu siminti kuma suka koma gaishe shi daga zaune. 'Yan kulob suka so a cike ramin da ƙasa, aka rasa mai tipar da zai karɓi aikin, sai suka ƙara wa shingen tsawo suka koma karatun mujallunsu.

Sau ɗaya na tambaye shi abin da ya faɗa a ramin, bayan shekaru, muna zaune a ƙofar gidansa.

Ya ce, "Gaisuwa ce kawai."

"Aka amsa?"

"Kai da kake sama, me ka gani?"

Na ci gaba da koyar da darasin nan shekara da shekaru, da ƙwarya da bahon ruwa a gaban aji, kuma ban taɓa shakkar sa ba. Yana bayyana tashin tafkin daga farko har ƙarshe. Jinkirin ruwan ma ina da amsarsa: wataƙila laka ce ta cushe bututun daga ƙasa, ta ɗauki lokaci kafin ta saki. Amsa ce mai kyau, da ɗalibi ya rubuta mini ita da na ba shi maki cikakke. Sai dai ni na tsaya a bakin ramin nan, kuma na san shirun wurin da babu kowa, don na sha zama a aji bayan an tashi. Wancan ba shi ba ne. Shiru ne irin na wanda yake ciki, ya ji an buɗe ƙofa, yana jira a fara yi masa sallama.